Kayan gyaran injuna: daga Segedin zuwa manyan ma'aikatun ƙasa

Duk wanda ya bi hanyar Kawar, ya bar Dirku ya miƙe arewa, zai iso wani ɗan gari mai dabino da gishiri kusa da tsaunin Zumri, shi ne Segedin, cikin yankin Bilma na jihar Agadas. A nan ne hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta nufi Shirfa da Jado, ɗaya kuma ta nufi Madama da iyakar ƙasar Libiya. Garin ba shi da masana'anta ko guda, amma duk da haka wuri ne da ya dace a tsaya a yi nazarin wata matsala wadda ta daɗe tana ci wa ma'aikatun Nijar tuwo a ƙwarya, watau matsalar kayan gyaran injuna.

Dalili kuwa shi ne, a Segedin ake ganin al'amarin ƙuru-ƙuru. Idan babbar mota ta lalace a Yamai ko a Maraɗi, direba yakan aiki yaronsa kasuwa, kafin la'asar an ɗaura abin da ya karye. Idan kuwa a Segedin ta lalace, to Agadas tana can bayan Tenere, fiye da kilomita 600 na rairayi ba kwalta, Sabha ta Libiya ita ma ba kusa take ba. Ƙaramin ƙarfe wanda bai cika tafin hannu ba yana iya tsayar da mota da kayanta da fasinjojinta kwana da kwanaki, ruwan sha yana raguwa, guzuri yana ƙarewa. Abin da ke samun direba a nan shi ne ke samun shugaban masana'anta a Arlit ko a Malbaza, sai dai hasarar shugaban ta fi yawa, kuma takan shafi jama'a masu ɗimbin yawa waɗanda ba su ma san sunan abin da ya karye ba.

Daga raƙumi zuwa mota

Tun kafin a san inji a wannan yanki, hanyar Kawar ce ta haɗa Fezzan da Barno, kuma ta nan ne Turawa masu yawon bincike irin su Denham da Clapperton suka bi a 1823, Barth kuma ya bi ta a 1855 sa'ad da zai koma gida. Daga yamma kuwa ayarin gishiri ne ke ratsa Tenere kowace shekara bayan damina, ya kawo hatsi Fashi da Bilma, ya ɗauki kantu da dabino. Madugan ayarin nan sun san abin da ake kira tanadi fiye da yadda ake zato. Tun da yake babu ciyawa a Tenere, kafin a tashi sai a yanki ciyawa a ɗaure ta dami-dami a aza wa raƙuma, kuma ba a cinye ta duka a tafiya: akan ajiye wani kashi a kan hanya domin ranar komowa. Madugu yakan lissafta yawan raƙuma da yawan kwanaki, sa'an nan ya ƙara wani abu a kai saboda halin yau da gobe.

Mota ta zo daga baya. A ƙarshen 1959 da farkon 1960 kamfanin Berliet na Faransa ya tura manyan motoci tara suka ratsa Tenere daga Aljeriya zuwa Cadi, domin a nuna cewa babbar mota tana iya yin abin da raƙumi ke yi. Sannu a hankali motoci suka yawaita a hamada, har a 1973 wata mota ta banke shahararriyar itaciyar Tenere, wadda aka kai gidan tarihi na Yamai. Daga baya manyan motocin Mercedes da ƙananan Toyota Hilux suka mamaye hanyar Agadas zuwa Dirku da Segedin da Madama. A shekarun 2010 ayarin motoci ran Litinin yakan tashi daga Agadas da rakiyar soja.

A watan Afirilu na 2014 aka gano zinariya a Jado, dubban mutane suka kwararo daga Nijar da Cadi da Sudan da Libiya, da yawa daga cikinsu kuwa ta Segedin suka bi. Suka zo da na'urorin neman zinariya da injinan wuta da na fasa dutse, har zuwa 2017 da gwamnati ta rufe wurin. Kowane ɗaya daga cikin injinan nan yana da abin da ke ci a jikinsa, kuma babu ko ɗaya da aka ƙera shi domin ƙurar Kawar da zafinta. Raƙumi dai in ya gaji a hutar da shi, in ya mutu a raba kayansa ga sauran. Inji kuwa ba ya karɓar musaya sai da irin abin da ya rasa, daidai da awonsa da lambarsa.

Nisan hanya shi ne tushen matsalar

Nijar ba ta da bakin teku, kuma kusan dukan injinan da ke aiki a ƙasar nan daga waje aka sayo su. Manyan ma'aikatunta kuwa, da yawa daga cikinsu suna can arewa inda arzikin ƙasa yake. An kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, ya fara fitar da uraniyom a Arlit a 1971. An kafa COMINAK a 1974, ya fara aiki a Akuta a 1978, ya rufe a ƙarshen watan Maris na 2021 bayan da ma'adinin ya ƙare. Domin ba su wutar lantarki aka kafa SONICHAR a 1975, wanda ke haƙo gawayin ƙasa a Anu Araren kusa da Cirozerin, ya fara ba da wuta a 1981. Injinansa biyu ne, kowanne mai ƙarfin megawat 18,8, kuma da su ne Arlit da Agadas da Cirozerin suka dogara shekara da shekaru.

Mai karatu ya dubi hanyar da kayan gyaran waɗannan ma'aikatu suka riƙa bi a da. Sai a rubuta takardar oda zuwa Turai. Kamfani ya ɗauko kayan, ko kuwa ya ƙera su idan ba ya da su a ajiye. A sa su a jirgin ruwa zuwa Kwatano, a jira duwan ta sallame su. Daga nan jirgin ƙasa ya kai su Paraku, kilomita 438. A sauke a ɗora wa manyan motoci, su haye gadar kogin Kwara tsakanin Malanbil da Gaya, su bi Dosso da Birnin Ƙonni da Tawa, sa'an nan su hau hanyar uraniyom, wadda aka shimfiɗa wa kwalta wajen 1980, zuwa Agadas da Arlit. Jimlar tafiyar daga bakin teku ta kai kimanin kilomita 2.000. A kowane zango akwai takarda da za a cika da hannun da za a sa, kuma jinkirin kwana uku a nan da mako guda a can su ne ke taruwa su zama watanni.

Wannan lokaci, daga ranar da aka ba da oda zuwa ranar da kaya suka shiga mangaza, shi ne ginshiƙin dukan lissafin kayan gyara. A ƙasar Japan, bayan yaƙin duniya na biyu, kamfanin Toyota ya shahara da tsarin rashin tara kaya: ba ya ajiye kome da yawa, sai a kawo masa abin da yake bukata daidai lokacin da yake bukatarsa. Tsari ne mai rage kashe kuɗi ƙwarai, amma ya yiwu ne saboda masu ƙera masa kayan suna kusa da shi, hanyoyi kuma lafiya lau. Wanda ya kwaikwayi wannan tsari a Arlit ko a Kawar ba tare da duba nisan hanyarsa ba, ya ɗauko wa kansa dala ba gammo. Ana iya kawo ƙaramin abu ta jirgin sama idan gaggawa ta taso, amma sau da yawa kuɗin jigilar yakan zarce kuɗin abin kansa, kuma babban ƙarfe mai nauyin tan da yawa dole ne ya biyo ƙasa.

Shekaru biyu da ba a manta da su ba

Ban da nisa, akwai abubuwan da ke faɗowa ba zato. Ran 12 ga watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Farankan Faransa ɗaya da ake saye sefa 50 ya koma sefa 100, saboda haka duk abin da ake sayowa daga Turai kuɗinsa ya ninka dare ɗaya. Ma'aikatun da mangazunsu ke cike suka sami sararin numfashi. Waɗanda kuwa suka saba jira sai abu ya karye kana su nema, suka iske kasafin kuɗinsu na shekara ba ya sayen rabin abin da suka yi niyya.

Na biyu shi ne 2023. Bayan sauyin mulki na ran 26 ga watan Yuli, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakar Benin da ta Nijeriya, kaya suka maƙale a tashar Kwatano. A watan Satumba na wannan shekara kamfanin Orano ya sanar cewa an tsayar da injinan tace uraniyom na SOMAÏR domin sinadaran aiki sun yi ƙaranci, har aka gabato da babban aikin gyaran da aka shirya yi can gaba. An ɗage takunkumin a watan Fabrairu na 2024, amma hanyar Benin ba ta buɗe ba a lokacin, sai kaya suka koma biyowa daga tashar Lome ta cikin Burkina Faso, hanya mai tsawo wadda ake bi da rakiyar soja. A watan Yuni na 2025 gwamnati ta sanar da mayar da SOMAÏR mallakar ƙasa. Ko a hannun wa masana'anta take, injinanta ba su daina cin kayan gyara, kuma abin da ya faru ya nuna cewa wanda ke da hanya ɗaya tak da mai sayarwa ɗaya tak, ranar da aka toshe ta aikinsa ya tsaya.

Kayan gyara kashi uku ne

Ba zai yiwu a ajiye kome da kome ba. Babbar masana'anta tana da dubban kayayyaki iri-iri a jikin injinanta, kuma kuɗin da aka zuba cikin kayan da ke kwance a mangaza kuɗi ne da ba ya haihuwa, ga shi kuma ana bukatarsa wajen biyan albashi da sayen mai. Saboda haka masu wannan aiki sukan kasa kayan kashi uku.

Kashi na farko su ne kayan da ke ƙarewa a kai a kai, waɗanda aka san ranar sauya su tun kafin ta zo: matatar mai, matatar iska, bel, robobin da ke hana yoyo, man inji da man shafawa. Kuɗinsu ba shi da yawa, lissafinsu ba wuya, amma rashinsu ne ke jawo babbar ɓarna. A wuri mai ƙura kamar Kawar matatar iska takan toshe tun kafin wa'adin da littafin inji ya faɗa, domin littafin ba a hamada aka rubuta shi ba. Idan aka bar ta har ta fashe, rairayi ya shiga cikin inji ya goge shi kamar sabulu.

Kashi na biyu su ne kayan da ke ci sannu a hankali, kamar boris, wanda makanikan ƙasar nan ke kira rulma, da haƙoran giya, da farantin kuloci, da famfon ruwa. Waɗannan sukan ba da alama kafin su mutu: ƙara ta sauya, wuri ya yi zafi, inji ya fara rawa. Ma'aikacin da ya san injinsa yakan ji alamar da kunne ko ya taɓa da hannu, ya faɗa da wuri, a ba da oda tun abin yana aiki.

Kashi na uku su ne manyan kayan da ba su cika lalacewa ba, har sukan yi shekara goma lafiya, amma ranar da suka lalace dukan masana'anta ta tsaya. Misalinsu babban injin da ke juya tanderun siminti, ko farfelar da tururi ke juyawa a tashar wuta, ko babban taransifoma. Suna da tsada, kuma sau da yawa sai an ba da oda kana a ƙera su. A nan ne shugaba ke bukatar natsuwa. Tambayar da zai yi wa kansa ita ce: idan wannan abu ya karye yau, kwana nawa za a yi ba aiki, kuma nawa ake hasara kowace rana? Idan hasarar ta ninka kuɗin abin sau da yawa, to a saye shi a ajiye, ko da za a yi shekaru ba a taɓa shi ba. Wani mai binciken kuɗi zai ga abin kwance ya ce an yi almubazzaranci, alhali kuwa matsayinsa ɗaya da rumbun tsimi, wanda ba a buɗe shi sai shekarar da damina ta ƙi.

Lissafin mai tsaron mangaza

Ga misali domin a ga yadda lissafin yake. A ɗauka akwai injin wuta, irin wanda ake kira gurup, a wani gidan likita na Kawar. Yana aiki awa 6 kowane dare, kuma ana sauya masa matatar mai bayan kowace awa 250. Ke nan matata ɗaya takan yi kusan kwana 42. A ɗauka kuma daga ranar da aka rubuta takarda zuwa ranar da kaya suka iso akan yi wata uku, watau kwana 90. Cikin kwana 90 injin zai yi aiki awa 540, zai ci matata biyu ya shiga ta uku. Saboda haka ranar da matata ta rage saura uku a kan kanta, ranar ce ta ƙarshe da ya kamata takarda ta tashi. Tun da yake kuma mota tana iya makara, ko a turo wadda ba ita ba, sai a ƙara ɗaya a kai. Doka ta zama: in saura huɗu, a ba da oda.

Wannan lissafi shi ne wanda ake yi a Arlit da Malbaza da matatar man SORAZ ta Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011, sai dai su kwamfuta ke yi musu shi a kan kaya dubbai. Amma kwamfuta ba ta san kome ba sai abin da aka faɗa mata. Idan ma'aikaci ya ɗauki abu da dare bai rubuta ba, kwamfuta za ta ci gaba da cewa yana nan, har ranar da aka zo nema aka iske kanta wayam.

Don haka tushen aikin shi ne kati. Kowane irin kaya da katinsa: sunansa, lambarsa kamar yadda take a littafin kamfanin da ya ƙera injin, injin da yake shiga, ranar da ya shigo, ranar da ya fita, wanda ya ɗauka, da abin da ya rage. Lambar nan ita ce mafi muhimmanci. Boris biyu suna iya kama da juna a ido, alhali tsakaninsu akwai bambancin milimita ɗaya, kuma wanda ya juya adadi ɗaya a takardar oda zai jira wata uku a kawo masa abin da ba ya shiga. Wanda ya fito daga ajin yaƙi da jahilci, ya iya karatu da rubutu da ƙidaya, yana iya riƙe irin wannan kati na injin niƙan ƙauyensu ko na famfon ruwansu, kuma aikin nan nasa ba ƙarami ba ne.

Ajiyar kanta sai da kula. Zafi yana busar da roba har ta tsattsage tun ba a yi aiki da ita ba, batir da aka ajiye ba caji yakan mutu, ƙura kuma tana shiga boris idan aka buɗe kwalinsa kafin ranar ɗaurawa. Saboda haka abin da ya fara shigowa shi ya kamata ya fara fita, kayan roba a sa su a inuwa, kuma sau ɗaya ko biyu a shekara a ƙidaya abin da ke kan kanta a gwada da abin da ke kan kati.

Abubuwa uku da ke ɓata tanadi

Na farko shi ne tarin injuna iri-iri. Ma'aikatar da ke da motoci goma ƙirar kamfani ɗaya, kanta ɗaya ta ishe ta, makaniki ɗaya ya san su duka. Wadda ke da goma ƙirar kamfani shida kuwa, dole ta ajiye kaya kashi shida. An ga wannan a fili a shekarun 1981 zuwa 1990, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe domin ruwan sha. An haƙa rijiyoyin burtsatse da yawa a ƙauyukan Sahel, amma kowace ƙasa mai ba da taimako da irin famfon da ta kawo, wannan Vergnet mai taku da ƙafa, wancan India Mark II mai hannu, ga kuma waɗansu daban. Da aikin ya ƙare aka tafi, ƙauyuka da yawa suka rasa inda za su sayi ƴar robar da ta tsage, famfo ya tsaya, mata suka koma tsohuwar rijiya. Daga nan aka fahimci cewa ya kamata a taƙaita irin famfunan da ake kafawa a kowane yanki, a horar da mai gyara na kusa, a kuma sami ɗan kasuwar da zai riƙa ajiye kayan. Jami'in da za a ba kyautar inji, kafin ya sa hannu ya dace ya tambaya: ina ake sayar da kayan gyaransa, kuma har shekara nawa za a ci gaba da ƙera su? Kamfanoni ma suna shuɗewa. Berliet ɗin da ya ratsa Tenere an haɗe shi cikin Renault a 1978, sunansa ya ɓace daga jikin sababbin motoci a 1980. Injinan da aka kafa wajen wannan lokaci, kamar na Anu Araren, sun haura shekara 40, kuma duk inda inji ya kai wannan shekaru neman kayansa aiki ne mai zaman kansa.

Na biyu shi ne yankan inji, watau a ciro abu daga injin da ya tsaya a ɗaura wa wanda ke aiki. A tsakiyar hamada wannan dabara tana ceton rai, kuma shi ya sa gawar motar da aka bari a gefen hanyar Kawar ba ta daɗewa sai ta koma ƙarangama. Amma a cikin masana'anta, idan aka mayar da abin al'ada, injin da ya tsaya saboda rashin abu ɗaya, bayan wata shida sai a iske ya rasa goma, ba ya sake tashi har abada. Idan tilas ta sa aka yanka, a rubuta abin da aka cire, a ba da odarsa a ranar.

Na uku shi ne jabun kaya. Kasuwanni cike suke da kayan da kwalinsu ya yi kama da na asali, kuɗinsu rabi, ƙarfensu kuwa ba shi da ƙwari. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Jabun matata da aka sami rangwamen jika biyu a kanta tana iya kashe inji na miliyoyi. Maganin abin shi ne a san mai sayarwa, a duba kaya sosai ranar karɓa, kuma wanda ke ba da oda ya zama daban da wanda ke karɓa, domin a toshe ƙofar haɗa baki.

Abin da hannun gida ke iyawa

Ba kowane abu ne sai an jira jirgi ba. Wanda ya shiga kasuwar Katako a Yamai, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko garejojin Agadas, zai ga maƙera da masu walda da masu injin sassaƙar ƙarfe suna fitar da ƙusa da noti da sandar ƙarfe daidai da awon da aka ba su, suna sake naɗa wayar injin lantarkin da ya ƙone, suna liƙe lagireto. A garin Nnewi na kudancin Nijeriya, ƴan kasuwar da suka fara da sayar da kayan gyaran mota sun kai ga kafa ma'aikatun ƙera su. Nijar tana da makarantun da ke horar da masu wannan sana'a, irin su EMAÏR ta Agadas, da EMIG ta Yamai, da makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi.

Abin da ake bukata shi ne kowace masana'anta ta zauna ta tantance kayanta: waɗanda za a iya ƙerawa a gida ba tare da haɗari ba, da waɗanda dole sai na asali, kamar bututun tukunyar tururi ko kayan birki, inda kuskure kan jawo hasarar rai. Na kashin farko a zana su a kan takarda da awonsu da irin ƙarfensu, a ba masu sana'a na gida kwangila, a kuma biya su a kan lokaci. Haka kuma ma'aikatun da ke da injuna iri ɗaya, ko da ba ma'aikatar minista ɗaya suke ƙarƙashinta ba, suna iya sanar da juna abin da ke mangazunsu, domin kada wani ya tsaya wata uku yana jiran abin da ke kwance a kantar maƙwabcinsa.

Direbobin hanyar Segedin sun daɗe da sanin wannan. Kafin mota ta bar Agadas, direba nagari yakan duba ta ciki da waje, ya ɗauki taya fiye da ɗaya, da bel, da matata, da safirin, da waya, da ruwa fiye da abin da tafiyar za ta ci, kuma ba ya tafiya shi kaɗai. Idan motoci biyu ƙirarsu ɗaya suka tashi tare, abin da wannan ya rasa yana wurin wancan. Ana fatan shugabannin ma'aikatu, da masu tsara kasafin kuɗi, da kwamitocin ƙauye masu kula da famfo da injin niƙa, kowa zai buɗe mangazarsa kafin ƙarshen wannan wata, ya ƙidaya abin da ke ciki, ya rubuta abin da babu, ya tura takarda tun inji yana juyawa. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya kiyaye matafiya, ya sa albarka a aikin ma'aikata.